Abin da Na Ciro daga Tumbi

Shekara goma sha tara ina fawa
a Zangon Tudun Wada.
Wuƙata ta san hanyar kowane ciki
kamar yadda ɗan acaɓa ya san lungunan Kabala.

Ran Laraba aka kawo wata akuya,
ja, mai farin goshi,
ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje.
Mai ita ya ce, "Mati, duba mini,
ko da ɗa a cikinta muka yanka?"
Na farka tumbi.
Ba ɗa, ba dusa, ba harawa.
Baƙar leda ce ta nannaɗe kamar gammo,
da rabin soson roba,
da murfin kwalbar man shafawa,
da ledar garin sabulu mai hoton kumfa.
Muka ɗora a sikeli don raha:
kilo biyu da ɗoriya.
Kowa ya yi dariya, ni ma na yi,
sai da na lura da ledar sabulun,
irin wadda Hansatu ke aiken yara saye
a shagon Ɗanjuma kowace safiya.

Da daddare tuwo ya ƙi wucewa.
Ta ce, "Gishiri ne ya yi yawa?"
Na ce, "Sharar gidanmu na gani yau
a inda ban ajiye ta ba."

Ni ba malami ba ne, ban iya wa'azi ba.
Asabar na shiga Kasuwar Bacci
na sayo curin sabulun salo a cikin ganye,
da soso irin wanda ke yaɗo a kan danga,
da kwandon kaba na cefane,
da randa daga hannun wata tsohuwa Bagbagyiya
wadda ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa
ta ce, "Ji muryarta. Lafiyarta ƙalau."

Hansatu ta dubi kayan, ta dube ni.
"To, ka mai da mu zamanin kakarka.
Toka da lemun tsami za su wanke tukunya, na sani,
amma toka tana cin hannu,
kuma ba hannunka take ci ba."
Gaskiya ta faɗa.
Ran Juma'a na tsuguna bakin rariya
na goge gindin tukunya uku,
maƙwabta na leƙe ta kan katanga.
Yatsuna suka yi zafi har la'asar.
Na sayo mata man kaɗanya, muka raba aikin.

Ba zan ce mun gama da leda ba.
Tana shigowa da ƙosai,
tana shigowa da maganin tari daga kemis,
tana shigowa a aljihun Sagiru
wanda ƙwallonsa ta tsaga randar nan
tun ba ta yi wata biyu ba.
Na liƙe ta da siminti.
Tana ɗiga kaɗan, ruwan dai da sanyi.

A watan Agusta na tsaya kan gada,
Kogin Kaduna ya cika ya yi jawur,
robobin lemo na tafe a jere kamar agwagi,
ba mai kiwonsu, ba gidan da za su kwana.
Na ce a raina, a cikin waɗannan
akwai na bara da na jefar da hannuna.
Wa ya san bakin da zai same su a gaba?

Jiya da hantsi na farka tumbin wani bunsuru.
Ciyawa ce zalla, koriya shar,
tana tururi, tana wari.
Ban taɓa jin daɗin wari kamar na jiya ba,
har yarona Ilu ya ce, "Maigida, lafiya?"

Na bayansa kuwa, leda.
Na wanke wuƙa.
Na ce a miƙo na uku.